Me ya sa jirgin shawagina yake faɗowa da zarar na sake shi?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a wani gari kusa da Landan. Na sayi ƙaramin jirgin sama marar inji, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa, faɗin fukafukansa mita biyu. Na kalli bidiyo da dama, na haɗa shi da kaina. Amma duk sanda na jefa shi, sai ya ɗaga hanci, ya tsaya cak, ya dawo ƙasa da ka. Yanzu hancinsa duk gam ne. Laifin jirgin ne ko nawa? Akwai kulob a kusa da mu, amma ina jin nauyin zuwa alhali ban iya ba.

Amsa: Ka kwantar da hankalinka, abin da ka bayyana shi ne matsalar da kusan kowane sabon shiga yake fara cin karo da ita, kuma tana da magani. Abubuwa uku nake zargi: yadda nauyin jirgin ya rabu, yadda kake jefa shi, da kuma koyon da kake yi kai kaɗai. Na ukun ya fi sauran muhimmanci, domin shi ne yake gyara biyun farko.

Fara da nauyin jirgin

Jirgin da ba shi da inji gudunsa ne ransa. Fiffike yana ɗaga jirgi ne muddin iska tana bi ta kansa da isasshen sauri. Idan hanci ya ɗagu fiye da kima, gudu ya ragu, sai iskar ta rabu da bayan fiffiken, ɗagawar ta yanke, jirgin ya rikito. Abin da kake gani ke nan idan ya tsaya cak a sama.

Babban abin da ke jawo haka shi ne nauyi ya rinjaya wajen jela. Kowane jirgi yana da wurin daidaiton nauyi, kuma takardar da ta zo da shi tana faɗin inda yake da milimita, a auna daga gaban fiffike. A yawancin jiragen koyo wurin yana tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu da kashi ɗaya cikin uku na faɗin fiffiken daga gabansa zuwa bayansa. Ka sa batir da komai a ciki, ka yi alama a ƙarƙashin fukafukan biyu, ka ɗora jirgin a kan yatsunka a daidai alamar. Ya kamata ya zauna miƙe, ko hancin ya ɗan sunkuya. Idan jelar ce ta sauka, ka matsar da batir gaba, ko ka ƙara 'yar darma a hanci, giram kaɗan-kaɗan, har ya daidaita. Jirgin da hancinsa ya ɗan yi nauyi yana saurin saukowa amma yana jin umarni. Wanda jelarsa ta yi nauyi kuwa ko gwani sai ya sha wuya da shi.

Daga nan ka tsaya a bayan jirgin ka gwada sandunan rimot. Idan ka ja sanda baya, leɓen jelar da ke kwance ya ɗaga sama. Idan ka tura dama, na tsaye ya karkata dama. Jirage da yawa sun farfashe saboda an haɗa wannan a juye. Ka kuma yi gwajin nisan sigina kamar yadda littafin rimot ɗinka ya nuna kafin tashin farko na kowace rana.

Yadda ake jefa shi

Sabon shiga yakan wurga jirgi sama da ƙarfi, yana ganin haka ne zai ba shi tsawo. Wannan shi ke kashe gudun tun daga hannu. Ka fuskanci iska, fukafukai a daidaice, hanci a miƙe ko a ɗan sunkuye, ka tura shi gaba da santsi kamar kana nufin wani wuri a ƙasa can gabanka. A fili mai ciyawa, ranar da iska ba ta da ƙarfi, jirgin da aka saita da kyau zai zarce a miƙe ya sauka a hankali ba tare da ka taɓa sanda sosai ba. Ka maimaita wannan har ya zame maka jiki. Kuma duk lokacin da ka ga gudu yana mutuwa, ka saukar da hanci. Zuciya za ta ce ka ja baya don kada ya faɗi, amma jan bayan ne yake kayar da shi.

Akwai wani ruɗanin da ke jiranka. Idan jirgi ya juyo yana fuskantarka, damarsa ta zama hagunka. Dabarar da malamai suke koyarwa ita ce ka tura sanda wajen fiffiken da ya yi ƙasa, sai ya miƙe.

Inda ɗagawa take fitowa

Jirgin shawagi kullum saukowa yake yi a cikin iskar da yake ciki. Yana daɗewa a sama ne kawai idan iskar tana hawa fiye da yadda yake sauka. Hanyoyi biyu ne ake samun haka.

Ta farko iskar gangare. Idan iska ta bugi fuskar tudu, dole ta hau sama, kuma jirgi zai iya zama a cikinta sa'o'i muddin tana kaɗawa. Ka yi sa'a, domin tudun Ivinghoe Beacon da ke tsaunukan Chiltern, arewa maso yammacin Landan, sananne ne a wajen masu wannan sha'awa. Mai koyo yana son iska matsakaiciya da ke bugun gangaren kai-tsaye. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce kowace juyawa a yi ta waje, ana fuskantar iska, ba wajen tudun ba. Bayan ƙoƙuwar tudun kuma iska tana murɗawa tana dannowa ƙasa, saboda haka ka tambayi 'yan wurin inda suke sauka kafin ka saki jirginka.

Ta biyu iska mai ɗumi. Rana tana gasa ƙasa, wuri kamar gonar da aka huɗe ko kwalta ya fi ciyawa ɗaukar zafi, sai iskar da ke kansa ta taso. Duk wanda ya girma a Arewa ya ga shirwa da ungulu suna kewaye a sama da hantsi ba sa kaɗa fiffike, ya kuma ga guguwa tana murɗa ƙura da rani. Iskar da kake nema ke nan. A Chiltern ma akwai jajayen shirwa da aka dawo da su yankin tun farkon shekarun 1990, kuma inda suke kewaye akwai ɗagawa. Idan jirginka yana tafiya miƙe sai fiffike ɗaya ya ɗagu ba da umarninka ba, iskar tana wannan gefen, sai ka juya can ka fara kewaye. Ka sani tana tafiya tare da iskar gari, kuma a gefenta akwai iska mai sauka, don haka kada ka bi ta nesa har dawowa ta gagara.

Je kulob ɗin tun yanzu

Ka ce kana jin nauyin zuwa don ba ka iya ba. Ai don irinka aka kafa shi, kuma matambayi ba ya ɓata. A kulob za a haɗa rimot ɗinka da na malami. Shi zai tashi jirgin ya kai shi sama, ya miƙa maka tuƙi, in ka rikice ya karɓe nan take. Kuskuren da zai ci maka mako guda kana liƙe-liƙe, a can daƙiƙa biyu ne ka ci gaba da koyo. Gwani zai duba jirginka cikin minti kaɗan ya ga abin da bidiyo ba zai gani ba: fiffike da ya murɗe bayan faɗuwa, ko sanda mai motsa leɓe fiye da yadda hannun mai koyo zai iya riƙewa. Zai kuma kai shi sama ya sunkuyar da hancinsa ya saki sanda. In ya ɗago da sauri, hanci ya yi nauyi. In ya ƙara nutsewa, jela ce. Da haka ake kammala saitin.

Akwai kuma batun doka da haƙƙin mutane. A Birtaniya hukumar sufurin jiragen sama, CAA, ta wajabta rajista da jarrabawa ta intanet tun 2019, kuma iyakar tsawo ga kowa mita 120 ce, sai dai 'yan ƙungiyoyin da aka amince da su suna da sassauci bisa sharuɗɗa. Ƙungiyar masu tashin irin waɗannan ƙananan jirage a Birtaniya, BMFA, wadda asalinta ya koma 1922, tana ba mambobinta inshora idan jirgi ya yi wa wani ɓarna, tana kuma da jarrabawar takardar shaida ta matakin A da kulob da yawa suke nema kafin su bar mutum ya tashi shi kaɗai. Jirgi mai mita biyu idan ya faɗo wa yaro a wurin shaƙatawa ba ƙaramin rauni zai yi masa ba. In kuma ka yi niyyar komawa da shi Najeriya, ka nemi izinin hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar, NCAA, da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa tukuna, domin ba a wasa da jirage marasa matuƙi a can.

Idan hannunka ya faɗa, fagen yana da faɗi. Akwai gasar F3K, inda ake riƙe jirgi mai mita ɗaya da rabi ta bakin fiffike a juya a wurga shi sama, da F5J, inda ƙaramin injin lantarki yake aiki daƙiƙa 30 kacal, sannan matuƙi ya nemi cika kusan minti 10 da iskar da ya samo.

Shawarata ke nan: kada ka sake jefa jirgin a wannan makon. Ka gyara hancin, ka auna nauyin, ka caja batir, ka rubuta wa sakataren kulob ɗin cewa kai sabo ne kana neman malami. Ranar da suka sa maka, ka je da jirgin da takardarsa, ka bar gwani ya yi tashin farko. Allah ya ba da sa'a.