Idan Redmine Ta Ƙi Buɗe Maka Ƙofa: Matsalar LDAP Ce Ko Ta Zama?

'Yan uwana na sashen kwamfuta, musamman masu shirin tafiya SIWES, akwai koken da za ku ji har ku gaji: "Na kasa shiga." Abin da nake so ku riƙe shi ne, koken nan ciwo biyu ne masu kama da juna. Ko dai manhajar ta ƙi yarda da kai tun a bakin ƙofa, ko kuma ta yarda ka shiga sannan ta manta da kai. Zan yi misali da Redmine, manhajar bibiyar ayyuka ta kyauta da ta fito a 2006, domin ita na fi taɓawa.

Ma'aikatu da yawa ba sa ajiye kalmar sirri a cikin Redmine. Suna da kundin ma'aikata guda ɗaya, kamar Active Directory ko OpenLDAP, kuma Redmine tana tambayarsa ne ta hanyar LDAP. Da farko takan shiga kundin da asusun da aka ware mata, ta nemo sunanka, sannan ta gwada kalmar sirrin da ka rubuta. Ko a wane mataki abin ya karye, yawanci abin da mai shiga zai gani shi ne suna ko kalmar sirri ba daidai ba. To ka ga saƙon bai gaya maka komai ba.

Ni nakan fara da hanya. LDAP na bi ta ƙofa mai lamba 389, mai rufin asiri kuma 636. In katangar tsaro ta toshe su, ko satifiket ɗin sabar ya ƙare, magana ta ƙare a nan. Akwai maɓallin gwaji a shafin saitin, amma kada ya ruɗe ka, ba ya duba ko za a iya gano ma'aikaci a kundin.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen neman suna. A Active Directory sunan shiga yana cikin sAMAccountName, a OpenLDAP kuwa galibi uid ne. Ka musanya su, babu wanda zai shiga. Haka Base DN, wato reshen da ake fara bincike: in ka nuna reshen ma'aikatan dindindin kaɗai, ɗalibin SIWES da aka ajiye a wani reshe ya zama kamar babu shi. A nan ldapsearch ke da amfani, domin zai nuna maka amsar kundin kai tsaye. Kuskure mai lamba 49 na nufin an ƙi shaidarka, kuma Active Directory kan ƙara bayani: 52e kalmar sirri ba daidai ba, 532 wa'adinta ya cika, 533 an dakatar da asusun, 775 an kulle shi. Wallahi lambobin nan huɗu sun cancanci a rubuta su a bangon ofis.

In mutum ɗaya ne kawai ya kasa shiga, duba asusunsa a Redmine. Wataƙila an buɗe shi a matsayin na cikin gida, don haka ba a ma tambayar kundin.

Ciwo na biyu kuwa, ka shiga lafiya, ka danna shafi biyu, sai a mayar da kai bakin ƙofa. Ƙyale LDAP, ya gama aikinsa. Redmine tana gane ka ne da ɗan kuki da ta ajiye a burauzarka, wanda ta hatimce da mabuɗin sirrinta. In aka sauya mabuɗin, kowa zai fita. In sabobi biyu ke raba aikin kuma mabuɗansu sun bambanta, za a riƙa korar ka jefi-jefi, irin matsalar da ke ɓacewa da zarar oga ya zo dubawa. Haka in an ɗora Redmine biyu a adireshi ɗaya, kukin ɗaya zai iya danne na ɗayar. Sai kuma wa'adin zama da na rashin motsi a saitin tantancewa, da agogon sabar.

Gwaji mafi sauri shi ne ka buɗe tagar sirri ta burauza ka sake shiga. In ya yi, share tsohon kuki. In bai yi ba, buɗe production.log ka karanta layukan da suka yi daidai da mintin da aka kore ka.