Darasi: Halin Karfasa a Cikin Garke

'Yan uwa mata, wasu ƙungiyoyi kan ɗauki rance daga asusu su zuba a kiwon karfasa. Kuɗin nan na kowa ne, ranar biya kuma ba ta jira. Shi ya sa nake so mu iya lura da halin kifin, don haɗuwarsa da rabuwarsa su ke fara nuna ko lafiya lau ko da matsala.

Karfasa tana cikin wani babban dangin kifi da masana ke kira siklid. 'Yan uwanta masu launi-launi sun cika Tafkin Malawi, har ana kai su Turai a ajiye a akwatin gilashi don ado. Masu ajiye su sun daɗe da gano cewa in an sa biyu ko uku kaɗai, mai ƙarfi zai sa ɗaya a gaba har ya halaka shi. In suna da dama kuwa, faɗan sai ya rarrabu. Karfasar tankinku ma haka take.

Lokacin ƙuruciya: 'ya'yan karfasa tare suke yawo, su juya tare, su taso wa abinci tare. Garken shi ne kariyarsu daga tsuntsu da babban kifi.

Lokacin balaga: wajen wata 5 zuwa 6 sai hali ya sauya. Namiji ya ware, ya tona ɗan rami a ƙasan ruwa, ya riƙa korar duk namijin da ya matso. Mace ta zuba ƙwai a ramin, ta kwashe su a bakinta, ta riƙe har kusan mako 2, ba ta cin abincin kirki. A nan asara ke shigowa: 'ya'ya su cika tanki, abinci ya kasa, a tashi da tarin ƙananan kifi marasa kuɗi a kasuwa. Don haka nake ba da shawarar a sayi 'ya'yan kifi maza zalla, sun ma fi saurin girma. In ba a samu ba, a sa 'yan tarwada kaɗan su rage ƙananan.

Ga abin da nake so mai kula da tanki ta duba kullum da sassafe:

1. In kifi duk ya taru a saman ruwa yana buɗe baki, wannan ba garken lafiya ba ne, iska ce ta yi ƙaranci a ruwan. A dakatar da abinci, a sauya wani sashe na ruwan.
2. In ɗaya ya ware a lungu, ya yi duhu, ba ya ci, a cire shi a ajiye daban.
3. In manya na hana ƙanana ci, a watsa abinci wuri 3 ko 4, a kuma raba su bisa girma.
4. Da hunturu, in ruwa ya yi sanyi, sukan lafe a ƙasa su rage ci. A rage abincin, kada a zubar da kuɗi.

A rubuta abin da aka gani a littafin ƙungiya, a karanta ranar zubi.

Tambayoyin tattaunawa: Wa za ta riƙa duba tanki, kuma wa za ta canje ta in ta yi tafiya? Mai sayar mana da 'ya'yan kifi, ya tabbatar mana maza ne zalla kafin mu biya?