DARASIN LAFIYA: ƘYANDA KALA-KALA CE, AMMA RIGAKAFINTA ƊAYA NE

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Wani bawan Allah ya tare ni bayan sallar Azahar a nan Mada, ya ce: "Malam, yarona an yi mashi allurar ƙyanda yana wata tara, amma ga shi baƙon dauro ya kama shi. Mutane na cewa ƙwayar cutar ce ta sauya, allura ba ta sauran amfani." Wanga zance yana da haɗari, don in ya shiga kunnen iyaye za su daina kai ɗiyansu.

*Shin ƙwayar ta sauya?*

Gaskiya ne ƙwayar ƙyanda tana da dangi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa iri 24, an sa masu suna da haruffa daga A zuwa H. Wadda aka fi samu a Najeriya da maƙwabtanta ita ce B3, akwai kuma D8 da ta yaɗu a wasu sassan duniya. Ana gane irin ne in an ɗauki samfuri daga maƙogwaron mara lafiya an auna a ɗakin gwaje-gwaje.

To amma bambancin kamar na karin harshe ne. Bazamfare da Bakano kowa da yadda yake lanƙwasa magana, kuma duk Hausa ce, mai jin Hausa zai gane su. Haka jikin da aka yi wa rigakafi yake gane kowane iri na ƙyanda. Ƙwayar da aka fara yin allurar da ita an samo ta a Amurka a 1954, allurar ta fito a 1963, kuma har yau tana tare B3 da D8. Amfanin sanin irin shi ne a bi sawun annoba, kamar yadda karin harshen baƙo ke nuna garin da ya fito.

Irin da ke yawo a gari shi ke kama wanda ba a yi wa allura ba, shi kuma ake samu ga ɗan kaɗan da aka yi wa ta kama su. Babu wata ƙwaya ta musamman mai kama masu allura.

*To don me ta kama yaron?*

1. Allura ɗaya a wata tara tana kare kusan yara 85 cikin 100. Shi ya sa ake komawa ta biyu a wata 15. Masu biyu, kusan 97 cikin 100 sun tsira.
2. Allurar ba ta son zafi. In ba a adana ta cikin sanyi ba, ƙarfinta na raguwa.
3. Ba kowane ƙuraje da zazzaɓi ne ƙyanda ba. Gwaji ne ke tabbatarwa.

Da na tambayi mutumen, ashe ba a koma ta biyun ba. Kuma wanda aka yi wa allura, ko ta kama shi, galibi tana zuwa da sauƙi.

*Alamomi*

Zazzaɓi mai zafi, tari, mura, jan ido, sannan ƙuraje su fara daga fuska da bayan kunne su gangara jiki. Ta iska take yaɗuwa, kuma ƙwayar na iya kai awa biyu a ɗaki bayan mai ita ya fita. Lokacin rani da bazara ta fi yawa, musamman inda aka cunkushe, kamar gidajen da suka saukar da 'yan gudun hijira.

*Abin yi a gida*

- A ware yaron daga sauran yara, kada ya je makarantar allo ko ta boko.
- A kai shi asibiti a ba shi sinadarin bitamin A, kwana biyu a jere. Yana kare ido, yana rage mutuwa.
- A ci gaba da nono, ruwa, kunu da abinci. A riƙa goge mashi jiki.
- Kada a ɗiga komai a ido, ko tozali ko ruwan ganye. Da yawa ta nan makanta ke shiga.
- Kada a ba jaririn da bai shekara ba zuma.
- Numfashi da sauri, gudawa, farfaɗiya ko ƙin shan nono: a garzaya asibiti, ko da sai an kai Gusau.

Ni mai maganin gargajiya ne, kuma ina gaya maku tsakani da Allah: zuma da habbatus sauda suna da amfaninsu, amma ba su hana ƙyanda. Likitan Musulmi Abubakar Ar-Razi, fiye da shekara dubu da suka wuce, shi ya rubuta littafin da ya bambance ƙyanda da agana. Sayyidina Umar kuma ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji akwai annoba. Riƙon sababi ba ya kore tawakkali.

Maigida, yau ka karɓi katin rigakafin kowane yaro ka duba da idonka. In babu ta wata tara ko ta wata 15, a kai shi asibiti mafi kusa, kyauta ake yi. Ko ya wuce lokaci, a je a tambaya.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya zaunar da Zamfara lafiya. A tura wa 'yan uwa. Wassalamu alaikum.