TOSHEWAR HANJI: A FASA CIKI KO A YI DA KYAMARA?



Toshewar hanji ita ce abinci da iska su kasa wucewa. Alamunta: ciwon ciki mai murɗawa, amai (wani lokaci kore), kumburin ciki, ba bayan gida, ko tusa ba ta fita. Abin da ya fi jawo ta: hanji ya manne bayan tsohuwar tiyata, ƙaba ta shaƙe shi, ya murɗe, ko ciwon daji.

Ba kowa ake wa tiyata nan take ba. In mannewa ce kuma babu alamar hanji na mutuwa, ana sa ƙarin ruwa, a zura roba ta hanci a zuƙe ciki, a sa ido har kusan kwana 3.

In tiyata ta zama dole, hanya biyu ce:

*1. Ta kyamara:* a yi ƙananan huji 3 ko 4, a hura iska a ciki, likita na aiki yana kallon allo.
*2. Fasa ciki:* yanka ɗaya mai tsawo, likita ya sa hannu.

*An fi zaɓar kyamara idan:*
• hoto ya nuna zare ɗaya ne ya ɗaure hanjin
• tiyatar da aka taɓa yi ba ta wuce 1 ko 2 ba
• hanjin bai kumbura sosai ba
• jikin mara lafiya da ƙwari

Wani bincike a asibitocin Finlan da Italiya, wanda ya fito a 2019, ya nuna irin waɗannan sun riga waɗanda aka fasa komawa gida da kwana 1 da 'yan awanni.

*An fi zaɓar fasawa idan:*
• hanji ya mutu ko ya huje
• ya kumbura har ƙarfen aiki zai iya tsaga shi
• an sha yin tiyata, ko'ina ya manne
• zuciya ko huhu ba za su jure iskar ba
• babu na'urar, ko babu wanda ya gwanance da ita

In an fara da kyamara sai likita ya koma fasawa, kar ku ce aiki ya ɓaci. Kare rai ne.

Maigida, uwargida, ga inda hannunku ya shigo: *lokaci.* Duk awar da aka ɓata a gida, hanji na ƙara kumbura, jini na daina isa gare shi. Mai waɗannan alamu kar a ɗura masa jiƙo, zuma, kanwa ko maganin wanke ciki. Hanya a toshe take, ƙara masa nauyi za ku yi. A tsayar da ci da sha, a nufi asibiti mai ɗakin tiyata, a faɗa wa likita duk aikin da aka taɓa yi masa.

Allah Ya ba mu lafiya. A tura wa 'yan uwa.