Kafin ka aza harsashi a Dogo-Dogo

Mai shirin gini, je ka duba filinka a watan Agusta, ana ɗauke ruwan sama, ka ga inda yake bi. In hanyarsa ce zuwa tapki, bar masa. Ka toshe, gidan maƙwabci zai faɗa. Daminar 2024 har tsohon masallacin Birni na Damagaram ta rushe, balle katangar laka. Ɗaga dokin ƙofa, indararo kuma ya zuba kan duwatsu ko cikin randa, kada ya ci gindin bango. Tsakar gida kuwa, kada ka shafe ta duka da siminti: rairayin nan ke shanye ruwa ya kai wa rijiyoyi. Ramin da aka ɗebi ƙasar bulo, a cike shi saboda yara.