Darasi: Dukiyar da Ke Cikin Ɓawon Lemo

'Yan'uwa manoma, idan an matse lemo, kusan rabin nauyinsa kan rage a ɓawo da tuƙa da 'ya'ya. Mukan zubar da su a juji, alhali kuwa akwai amfani a ciki.

Ɓawon lemo hawa biyu ne. Na waje shi ne mai launi da ƙamshi. Na ciki fari ne, mai laushi kamar soso. Yawancin ɓawon kabohaidiret ne, wato dangin abinci mai ba da ƙarfi. Akwai sukari, akwai zaruruwan selulos, akwai kuma fektin, wanda ya fi yawa cikin farin nan.

Mene ne fektin? Shi ne danƙon da ke riƙe ƙwayoyin jikin tsiro, kamar yadda laka ke riƙe tubali. Wani Bafaranshe, Henri Braconnot, ya ba shi wannan suna a 1825. A busasshen ɓawo yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

Fektin dogayen sarƙoƙi ne. Cikin ruwa zalla ba su haɗuwa. Amma in an sa tsami da sukari mai yawa, kamar kashi 65 cikin 100, sai su sarƙe kamar komar masunta, su kama ruwan, ya daskare. Haka ake samun jam.

Ga yadda za mu yi:
1. Mu zaɓi lemon da bai nuna sarai ba, gama fektin yakan lalace in ya nuna da yawa.
2. Mu yanka farin ƙanana, mu jiƙa da ruwa da ruwan lemon tsami, ya kwana.
3. Mu dafa kamar awa 1, mu tace da ƙyalle mai tsabta.
4. Mu haɗa da mangwaro da sukari mu dafa, don mangwaro ba shi da fektin sosai. In an ɗiga a faranti mai sanyi ya tsaya, to, ya yi.

Sauran ɓawon mu shanya shi nan da nan kafin ya yi fumfuna. Shanu da tumaki suna narkar da fektin sosai a tumbinsu. Amma abincin gina jiki kaɗan ne a ɓawo, saboda haka a haɗa masu da harawa ko tunkuza.

Tambaya don taronmu: mangwaro nawa ya ruɓe a gonakin ƙungiyarmu bara, nawa kuma za mu ceta bana?