Inda Za Ka Tsaya Idan Ka Je Kallon Tseren Babura na Tsibirin Man

Tseren babura na TT da ake yi a Tsibirin Man, can tsakiyar teku tsakanin Ingila da Ireland, ba a filin wasa ake yin sa ba. Titin da mutanen gari ke bi zuwa aiki da makaranta shi ake rufewa, babura su ratsa ƙauyuka, su wuce ta ƙofar gidajen mutane, su haye dutse su gangaro. Tun 1907 ake yi, kuma tun 1911 babura ke bin hanyar dutsen Snaefell mai tsawon kilomita 60 da 'yan kai, da kwanoni sama da 200. Kallo a mafi yawan gefen hanyar kyauta ne. Wannan yalwar ce ke ruɗa baƙo, ya rasa inda zai tsaya, ƙarshe ya bi ayari zuwa wurin da ya fi suna, ya yini yana kallon ƙeyar mutane.

Kafin ka tambayi inda ya fi kyau, fara tambayar yadda za ka fita. Hanyar zobe ce. Da zarar an rufe ta, ba mai taka kwaltar sai mai tsere da jami'an gasa, don haka ko dai kana cikin zoben ko kana wajensa. Wanda ke waje ta gabas yana da sauƙi: titin bakin teku da ya haɗa Douglas da Laxey da Ramsey a buɗe yake, ga kuma tsohon jirgin ƙasa mai lantarki da ke bin garuruwan nan uku. Wanda ke ciki kuwa sai ya dogara da 'yar siririyar hanyar da ta bi ta ƙarƙashin titin tseren a wajen Braddan, ko gadojin ƙafa ƙalilan. Akwai wuraren da ba su da hanyar baya ko kaɗan, in ka shiga da safe, kai da gida sai an buɗe titi. Kuma ba agogo ke buɗe shi ba. Hazo na sauka a kan dutse a dakatar da komai, domin ba a tsere in jirgi mai saukar ungulu na agaji ba zai iya tashi ba. Tseren da aka sa da hantsi yana iya kaiwa la'asar. Mai tafe da yara ko dattijo, ko mai ciwon da ke bukatar bayan gida a kusa, ya manta da irin waɗannan wurare komai kyawunsu.

Sai abu na biyu: gudu kake so ka gani ko gwaninta? Da wuya wuri ɗaya ya ba ka duka biyun.

In gudu ne, je gindin Bray Hill, cikin garin Douglas, ba nisa da inda ake tashi. Gangara ce mai tsayi tsakanin gidaje. Babur na saukowa da cikakken maƙure, in ya iso ƙasan gangarar nauyinsa ya danne shi har cikinsa ya kusa goge kwalta, ya haura ɗaya gefen tayar gaba na ɗagawa a tudun da aka sa wa sunan ɗan tsere Giacomo Agostini. Kafin ka juya wuyanka ya ɓace. Ƙarar a ƙirji za ka ji ta, iskar kuma ta bugi fuskarka. A ganina kowane baƙo ya kamata ya tsaya nan sau ɗaya, musamman a zagayen farko, amma kada ya kashe yini guda a wurin. Bayan babur na ashirin, ido ya gaji da bin walƙiya, ba ka ma iya karanta lambar da ke gaban babur. Haka miƙaƙƙen titin Sulby yake, inda manyan babura ke kai wa kilomita 300 a awa har su haura.

In kuwa so kake ka ga aikin hannu da ƙafa, nemi inda dole a taka birki. Quarterbridge kwana ce mai tsauri zuwa dama, a ƙarshen gangara, kuma a zagayen farko ana iso ta da tanki cike da mai da tayoyin da ba su gama ɗumi ba. Nan za ka ga wanda ya natsu da wanda zumuɗi ya ɗiba. Parliament Square a tsakiyar Ramsey ma haka: ka ji ana sauke giya ɗaya bayan ɗaya, bayan babur na rawa, ga shaguna da abinci da bayan gida a kusa, ga jirgin ƙasa da zai mai da kai Douglas duk sa'ad da ka ga dama.

Ni dai in za a ce in zaɓi wuri ɗaya tak, Gooseneck zan ce. Kwana ce ta dama a kan hawa, bayan an baro Ramsey an fuskanci dutse. Tun daga ƙasa kake hango babur na tahowa, ya rage gudu, ya kwanta, sannan ya buɗe wuta yana fitowa dab da gangaren ciyawar da mutane ke zaune. Kusancin ya kai ka ga idon mutum ta gilashin hular kwanonsa, ka ga ƙwarin da suka mutu a jikin gilashin, ka ga yatsu biyu na sakin birki. Masu taimaka wa 'yan tsere kan tsaya a nan da allo suna nuna wa nasu matsayinsa da tazarar da ke tsakaninsa da na bayansa. Ana zuwa wurin ta wata 'yar hanyar ƙauye da ta balle daga titin bakin teku, wato kana iya tafiyarka ko ana tsakiyar tsere. Sai dai hanyar matsattsiya ce, wurin ajiye mota kaɗan ne, kuma ba rumfa.

Gadar Ballaugh, inda babur ke tashi sama tayoyi biyu su bar ƙasa, tana cikin wuraren da suka fi fitowa a hoto, shi ya sa take cika da wuri. Wanda ya saba zuwa kallon hawan sallah ya san cewa mai son gaban layi ba ya jiran ya ji tambari kafin ya bar gida. Ka isa awa biyu kafin rufe hanya, ko ka haƙura da ita.

Kan dutse kuma duniya ce daban. Hanya mafi daɗi ita ce ka hau jirgin ƙasa zuwa Laxey, ka canja zuwa na hawan Snaefell, ya sauke ka a Bungalow. A nan babu gida, babu bishiya, ido na bin babur na tsawon lokaci, daga nesa har ya wuce ya haura tudu na gaba. Akwai gadar ƙafa, don haka kana iya kallo ta kowane gefe, ga kuma mutum-mutumin Joey Dunlop, ɗan Ireland ta Arewa da ya ci tsere 26 a nan, tarihin da ya tsaya har 2024 lokacin da ɗan ƙaninsa Michael Dunlop ya zarce shi. Amma kada ka yaudaru don a watan Yuni ake tseren. Mutane na iya zama da 'yar shara a Douglas, kai kana can sama haƙora na kaɗawa. Tafi da rigar sanyi mai kauri, da rigar ruwa, da abin shimfiɗa, domin ciyawar jiƙe take. Wanda ke son ganin dutse ba tare da wannan wahala ba ya nufi Creg-ny-Baa, inda babura ke gangarowa miƙe daga Kate's Cottage su taka birki su karya dama. Akwai kujerun haya da abinci, ga hanyar baya.

Babban dandamalin kallo da ke titin Glencrutchery fa? Kuɗi ake biya, kuma a gaskiya tseren da za ka gani kaɗan ne. Amfaninsa shi ne tashi, da ƙarewa, da shan mai. A tsere mai zagaye shida akan tsaya bayan zagaye na biyu da na huɗu, a cika tanki, a canja tayar baya cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma sau da yawa a nan ake cin tsere ko a faɗi. Ya cancanci yini guda, ba fiye ba. Zagaya rumfunan makanikai da ke bayansa kuwa kyauta ne.

Duk inda ka zaɓa, kada ka je ba rediyo. A TT ba a tashi gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya ake sakin su, daƙiƙa goma tsakani, kowa da agogo yake tsere. Saboda haka wanda ya fara wucewa ta gabanka ba lallai ne shi ke kan gaba ba, mai bin bayansa na iya riga shi a lissafi. Masu sharhi ne ke faɗin tazara daga wuraren auna lokaci irin su Glen Helen da Ramsey, su ne kuma za su gaya maka in an ɗage tsere. Ƙaramar rediyo mai batir ta fi waya, don intanet na sanyi inda jama'a suka taru. Ka kuma san cewa na gaba-gaba na zagayo zoben cikin kusan minti 17. Peter Hickman ya yi shi a minti 16 da daƙiƙa 36 a 2023, wato matsakaicin gudun kilomita 219 a awa. Tsakanin wucewar na ƙarshe da dawowar na farko akwai ɗan sarari, nan ne lokacin buɗe ƙunshin abinci.

Gasar mako biyu ce, daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, makon farko na gwaji, na biyu na tsere. Mai wayo makon gwaji yake amfani da shi ya leƙa wurare, yau nan gobe can, lokacin da jama'a ba su yi yawa ba. Yawancin gwajin da yamma ake yi, rana kuma ba ta faɗuwa sai bayan tara da rabi na dare, don haka mai sallah ya duba jadawalin lokutan can, ya saka darduma da gorar ruwa a jaka. Ka riƙe 'yan kuɗi a hannu, domin manoma da majami'u, irin ta Braddan, kan buɗe filinsu su karɓi wani abu, su sayar da shayi. Kada ka tsallaka shingen gonar mutum ba izini. Jirgin ruwa daga Liverpool ko Heysham da masauki kuwa, tun shekara guda kafin lokaci ake kama su.

Allon da ya ce an hana tsayawa a wuri ba ado ba ne. Galibi inda babur zai nufa ne in ya ƙwace, wato wajen kwana da mafitarta. A 2007, shekarar da gasar ta cika ɗari, hatsari a kan dutse ya kashe ɗan tsere da 'yan kallo biyu. Masu rigar ruwan lemo da ke tsaron hanya 'yan sa-kai ne, amma doka ta ba su iko, kuma taka rufaffen titi laifi ne da ke kai mutum kotu. Kada ka zuro ƙafa ta kan katanga, kada ka miƙa waya ko sandar ɗaukar hoto cikin hanya, ka danne leda da hula kada iska ta kwashe su. Ko ka ga babur na ƙarshe ya wuce, ko an ɗaga jar tuta an tsai da tsere, zauna inda kake. Motocin jami'ai da baburan masu sintiri na iya biyowa da gudu. Sai motar da ke ɗauke da alamar buɗe hanya ta wuce ta gabanka, masu tsaro sun janye igiya, sannan ka sauko.